Gadar sama, gadar ƙasa ko get: wace hanyar tsallaka layin dogo ta dace da unguwarku?

Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, ta bayan gari ya bi, tsakanin gonaki. Yau gidaje sun rufe shi ta dama da hagu a Sharaɗa, kamar yadda suka yi a Kakuri da Kawo a Kaduna, da Sabon Garin Zariya. A kan tsohon layin mutane sun saba da jirgi mai tafiya a hankali, wanda ba kullum ake ganinsa ba, don haka kowa ya fitar da hanyarsa ta tsallakawa. Sabbin layuka ba za su lamunci wannan ba. Na Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, yana aiki tun 2016, kuma Rigasa da Kubwa sai ƙara cika suke yi a gefensa. Na Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, waɗanda aka ƙaddamar da aikinsu a 2021, za su ratsa gefen garuruwan da nan da shekara ashirin za su koma tsakiyar unguwa.

Lissafin haɗarin ba shi da wuya. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Tsohuwar da ke tafiya da sanda za ta ɗauki daƙiƙa 12 ko 13 kafin ta tsallake layi biyu, wato faɗin mita goma. Kafin ta gama, jirgin ya ci mita 350. Direban kuwa, ko ya taka birkin gaggawa, yana iya buƙatar har mita 800 kafin ya tsaya. Saboda haka tsallakawa wajibi ne a tanada, abin zaɓa kawai shi ne wace iri: gadar sama ta ƙarfe, gadar sama ta kankare, gadar ƙasa, ko mashiga mai get da mai gadi.

Abu biyu da za a auna kafin a zana komai

Na farko, su wa ke tsallakawa. A tsayar da masu ƙidaya a duk wuraren da ƙafa ta riga ta fitar da hanya, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, aƙalla kwana uku, a sa Juma'a da ranar kasuwa a ciki. A riƙa rubutawa duk minti 15, kuma a rarrabe: mai tafiya hannu sake, mai kaya a ka, ɗan makaranta, mai baro, ɗan ga-ruwa da kurarsa, mai keke, mai babur, mai keken guragu, mai kora dabbobi. A tambayi mai unguwa da limamai ta inda ake bi da gawa zuwa maƙabarta. Wannan tambaya ba ta cika fitowa a takardun zane ba, alhali ita ke nuna ko kwanar matakala za ta juyu da makara a kafaɗar mutum shida.

Daga ƙidayar ake fitar da faɗi. Mita ɗaya ta faɗin matakala tana ɗaukar mutum 35 zuwa 40 a minti ba tare da turereniya ba, shimfiɗaɗɗen wuri kuma kusan 60. Idan an tashi daga masallacin Juma'a mutum 1,500 suka tsallaka cikin minti 15, mutum ɗari ke nan a minti, ana buƙatar matakala mai faɗin kusan mita 3, a ƙara santimita 30 kowane gefe saboda ba wanda ke tafiya manne da bango. Sai a tuna cewa unguwar da ke ƙaruwa da kashi 4 cikin ɗari a shekara tana ninkawa cikin shekara 18, gada kuwa don shekara hamsin zuwa sama ake gina ta.

Na biyu, yadda layin ya zauna a kan ƙasa. Ko an yi masa ciko ya hau sama da unguwa, ko an yanke tudu ya bi ta kwari, ko yana daidai da titi. Wannan awo kaɗai yakan yanke rabin hukunci, domin shi ke nuna mita nawa mutum zai hau ko ya sauka.

Tsayin da ake hawa

Gadar sama dole ta bar wa jirgi sarari. A ƙa'idar layin dogo ta ƙasar Sin, ana barin mita 5.5 daga saman ƙarfen dogo ga jirgi mai dizal, mita 6.55 kuma ga layin da zai yi aiki da wayar lantarki a sama. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ce za ta ba da adadin da za a bi a rubuce, amma a kan sabon layi shawararmu a ɗauki babban adadin, don kada a rushe gadar ranar da aka jawo lantarki. Idan aka haɗa da kaurin gadar kanta, mai tafiya zai hau mita 7 zuwa 8. Da taki mai tsayin santimita 15 da zurfin 30, taki hamsin ke nan a hawa, hamsin a sauka, da wurin hutawa bayan kowane 12. Hawa ne da ya kai na bene mai hawa biyu da ɗori.

Gadar ƙasa kuwa mutum kawai take bar wa sarari: mita 2.6 na tsayin ciki, rabin mita na rufin kankare, da kusan santimita 70 na tsakuwa da shimfiɗa da ƙarfen dogo. Jimla ba ta kai mita 4 ba, rabin hawan gadar sama ke nan. Inda layin ke kan ciko mai tsayin mita 3 ko 4, mutum zai wuce miƙe ba hawa ba sauka. Inda kuma layin ya bi ta kwari mai zurfin mita 5 ko 6, lissafin ya juye: gadar sama ce za ta zauna kusan daidai da titi.

Duk mita ɗaya da aka rage a hawa tana ƙara yawan masu bin gadar. Wanda ya ɗauko buhun gawayi, ya ga taki hamsin a gabansa da ɓaraka a katanga a gefensa, an san wadda zai zaɓa.

Gadar sama ta ƙarfe

Wadda ta fi dacewa ita ce mai saƙar ƙarfe ta kusurwa uku-uku a gefe biyu, daɓen tafiya yana zaune a ƙasan saƙar. Haka kaurin da ke ƙarƙashin ƙafar mutum ba ya wuce santimita 40 zuwa 50, hawa ya ragu. Mai tsawon mita 30 da faɗin mita 3 takan yi nauyin tan 20 zuwa 30. Ana ƙera ta a masana'anta gunduwa biyu ko uku, a haɗa a gefen layi, injin ɗaga kaya ya ɗora ta kan ginshiƙai cikin 'yan awanni da dare bayan an rufe layin. Wannan ne babban amfaninta a kan layin da jirgi ke bi kullum: ba a kafa katako ko dirka a kan hanyar jirgi, kuma tsawonta na ba da damar nesanta ginshiƙai daga layin.

Nesantawar nan ba ado ba ce. Tarago idan ya goce daga kan layi, ginshiƙi yake fara duka. A Ingila ginshiƙin da ke cikin mita 4.5 daga ƙarfen dogo sai an zana shi yadda zai jure dukan jirgi, a Amurka kuma wanda ke cikin mita 7.6 daga tsakiyar layi sai an yi masa katangar kariya ta kankare. Ƙarin mita shida a tsawon gada ya fi araha a kan wannan katanga, kuma yana barin wurin layi na biyu nan gaba.

Abokin gabar ƙarfe tsatsa ce, kuma wuraren da take farawa sanannu ne. Gindin ginshiƙi, inda shara ke taruwa ana kuma fitsari. Ƙarƙashin gadar daidai saman layi, inda hayaƙin dizal ke bugawa. Cikin bututun ƙarfen da ba a toshe bakinsa da walda ba, ruwa ya shiga ya kwanta. Da mahaɗar taki da gefen matakala. Maganin shi ne a ɗora kowane ginshiƙi a kan dandamalin kankare mai tsayin santimita 40 zuwa 50 daga ƙasa, a tsoma ƙarfen a narkakken zinki har kaurin zinkin ya kai maikuron 85 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ko a kankare shi da yashi mai feshi a yi fenti hawa uku da jimlarsa ta kai maikuron 240 zuwa sama. A auna kaurin da na'ura kafin a biya ɗan kwangila. Jan fenti hannu ɗaya a kan ƙarfen da ba a goge ba, damina biyu ko uku ya ɓare. Busasshiyar iskar Arewa tana sassauta wa ƙarfe fiye da gishirin Legas, amma duk da haka a sa sabon fenti a kasafi duk shekara 10 zuwa 15.

Kada a yi daɓen da farantin ƙarfe. Yana santsi da ruwa, yana ƙara, yana ruɓewa daga ƙasa inda ido ba ya gani, kuma da ranar Afrilu yaro marar takalmi ba zai iya taka shi ba. Kankare mai kaurin santimita 12 zuwa 15 ya fi, a karkata shi kashi 2 cikin ɗari zuwa magudana, a kai ruwan ƙasa ta bututu nesa da layin. Nauyin kankaren yana kuma rage girgiza. Mutum yana taku kusan biyu a daƙiƙa, gada marar nauyi kuma takan ɗauki wannan kaɗawa, shi ya sa ƙa'idar Turai ta ce duk gadar da kaɗawarta ta sama da ƙasa ba ta kai biyar a daƙiƙa ba sai an yi mata lissafi na musamman. Gadar da ke rawa ko ba za ta faɗi ba, tsofaffi da mata masu goyo za su guje ta. A bar mata kuma wurin miƙewa: tsakanin sanyin daren hunturu da zafin rana, ƙarfe mai mita 30 yana motsi kusan santimita 2, don haka gefe ɗaya ya zauna a kan matashin roba, kuma a riƙa share ƙasar da ke cika wurin.

Sai 'yan jari-bola. Duk abin da sufana ke iya kwancewa zai tafi. A yi amfani da notin da kansa ke tsinkewa bayan an ɗaure a kan shinge da fitilu. Amma kada a diga walda a kan manyan kusoshin da ke riƙe da jikin gadar don tsoron sata, zafin walda yana kashe ƙarfinsu.

Gadar sama ta kankare

Ba a sace ta, ba ta son fenti, ba ta rawa, kuma siminti da rodi da tsakuwa duk ana samu a gida. Ga hukumar da ta san ba za ta riƙa fitar da kuɗin gyara ba, wannan hujja ce mai ƙarfi. Inda take da rauni shi ne nauyi da kauri. Bim ɗaya, wato dogon kankaren da ake gittawa a kan ginshiƙai, mai mita 30, wanda aka ɗaure da wayoyin ƙarfe masu tsauri, yakan kai tan 40, kuma ana buƙatar aƙalla biyu. Kaurinsu mita 1.2 zuwa 1.5 ne, daɓen yana samansu, wato an ƙara wa mai tafiya kusan mita guda, taki shida ko bakwai, da mita 12 na gangara a kowane gefe. Ana iya zuba ta kamar kwami, mutane su bi ta ciki don a rage hawan, sai dai nauyin ya haura tan 100, kuma injin da zai ɗaga wannan ba ya shiga lungu. Kafin a zaɓi kankare a bi hanyar da tirela za ta bi da ƙafa, a auna kwanoni da wayoyin wuta.

Zuba kankare a wurin, a kan katako da dirkoki, ya dace ne kawai da layin da bai fara aiki ba. Idan tazarar ba ta wuce mita 15 zuwa 18 ba, kankare mai rodi na yau da kullum ya wadatar, kuma a nan yakan fi ƙarfe araha.

Kankare ma yana lalacewa, sai dai a ɓoye. Idan rodi bai sami rufin santimita 4 zuwa 5 ba, ko aka cika ruwa a kwaɓi don ya yi saurin zuba, ko aka bar shi ya bushe a iskar hunturu ba a jiƙa shi kwana 7 ba, ruwa zai kai ga rodin, ya yi tsatsa ya kumbura, ɓangaren kankare ya ɓalle ya faɗo kan layi. A ɗauki samfurin kowane kwaɓi a gwada ƙarfinsa a kwana 28. Ginshiƙai da matakala da gangara, ko da tsakiyar gadar ƙarfe ce, gara a yi su da kankare, domin su ne hannu da shara da fitsari ke kaiwa gare su. Wannan haɗin, ƙarfe a saman layi da kankare a gefe, shi muka fi ba da shawara a kan layin da ke aiki a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Matakala ko gangara

A nan kuɗin gadar sama yake, kuma a nan ake yawan yanke shi. Gangarar da keken guragu zai iya hawa ba ta wuce tashin mita 1 a cikin 12 ba, da wurin hutawa na mita 1.5 bayan kowace mita 9. Hawan mita 7.5 yana cin mita 90 na gangara, da wuraren hutawa ya kai kusan 104 a kowane gefe. Da faɗin mita 2.5, gefe biyu sun haura murabba'in mita 500, alhali tsakiyar gadar 90 ce kacal. Idan aka naɗe ta ninki huɗu, tana buƙatar fili mai kusan mita 6 da 30 a kowane gefe, ƙasa da rabin fuloti mai ƙafa 50 da 100. A unguwar da ba ta cika ba wannan fili ba komai ba ne. Bayan an gina shaguna sai an biya diyya.

Duk da tsadar, gadar da ba ta da gangara ta ware kaso mai yawa na masu tsallakawa. Kurar ɗan ga-ruwa mai jarka 12 tana ɗauke da kilo 300 na ruwa, ba ta hawa taki ko ɗaya. Mai baro, mai keke, mai tura marar lafiya, mai kora tumaki, duk za su koma kan layi. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, kuma wa'adin ya wuce. Ko da 1 cikin 12, tura kura mai cike aiki ne ja wur. Inda 'yan ga-ruwa da 'yan dako suka yi yawa a ƙidaya, alama ce cewa gadar ƙasa ake buƙata. A haɗa gangara da matakala tare, domin mai gaggawa ba zai yi zagayen mita ɗari ba. Lif kuwa a bar shi ga manyan tashoshi masu ma'aikata da wuta tsayayya.

Babura za su hau gangara, wannan tabbas ne. Ko dai a ware musu layi da ƙarin faɗi, ko a sa turaku a bakin shiga da tazarar mita 1.2, wadda ke barin keken guragu da baro ta hana adaidaita sahu, sannan a sa doka mai babur ya sauka ya tura.

Gadar ƙasa

Akwatin kankare ne, babban kwalbati, kuma a kan sabon layin da ake cikin ginawa shi ne mafi sauƙin duka: a zuba shi kafin a yi ciko, a rufe. Faɗin ciki kada ya gaza mita 4, tsayi 2.6, ko 3 zuwa sama idan shanu da jakuna masu kaya za su bi. A ƙarƙashin layin da ke aiki aikin ya fi wuya. Sai an rufe layin kwana biyu ko uku a tona a jera gunduwoyin da aka riga aka zuba, ko a tura akwatin da manyan jak a ƙarƙashin layin ana lura da zamansa. Idan ba a danne cikon gefen akwatin hawa-hawa ba, santimita 15 zuwa 20 kowane hawa, ƙasa za ta zauna, layin ya yi kwari daidai bakin akwatin.

Ruwa ne ke kashe gadar ƙasa. A ɗauki gangara biyu buɗaɗɗu, kowace mita 50 da faɗin 4. Ruwan sama na milimita 50 cikin awa guda, irin na watan Agusta, zai zuba lita 20,000 a cikinsu, jarka 800, ya kwanta sama da santimita 20 a cikin akwatin, kuma wannan ba a lissafa ruwan titi ba. Don haka tambaya ta farko ita ce ko akwai inda ruwan zai gangara da kansa ta bututu mai karkatar 1 cikin 100 zuwa rafi ko babban lambatu. Idan akwai, an huta. Idan sai da injin jan ruwa, ana buƙatar guda biyu da rijiyar tara ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa lokacin hadari da mutumin da zai riƙa kwashe leda daga raga, kuma ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, hanyar ta rufe. A ɗaga bakin shiga santimita 20 zuwa 30 sama da titi, a rufa gangarar da kwano in da hali, kuma a haƙa ramin gwaji a ƙarshen damina, ba da rani ba, a ga inda ruwan ƙasa ya tsaya. A fadama, ko inda rijiyoyin gida ke cika kusa da baki, a haƙura da ita.

Abu na biyu tsoro ne. Mace ba za ta shiga ramin da ba ta hango ƙarshensa ba, kuma tana da gaskiya. A miƙe shi sak yadda daga wannan baki ana ganin wancan, ba lungu ba kwana, a buɗe bakunan kamar mazurari, a shafe ciki da farin fenti, a binne fitilu cikin kankare da raga a kansu. Shago biyu ko uku masu haya a kowane baki suna kawo ido da dare, kuma hayarsu na iya biyan mai shara.

Mashiga mai get

Ita ce mafi araha kuma kowa na iya bi, amma ta dace ne kawai da tsohon layi guda ɗaya mai jirgi kaɗan da ke tafiya a hankali, inda ake hango nesa ta kowane ɓangare. A yi mata shinge mai lanƙwasa da zai tilasta wa mutum ya fuskanci dama da hagu kafin ya taka layi, a shimfiɗa daɓe daidai da saman ƙarfen, hanyar ta ratsa layin miƙe don kada ƙaramar tayar keken guragu ta faɗa cikin tsagin gefen ƙarfe. A kan layi biyu akwai haɗarin jirgi na biyu: na farko ya wuce, jama'a su danno, wani na tahowa ta ɗaya gefen. Kuma mai gadi ba ya iya tare wanda ya ƙi tsayawa. A ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya buge motar ma'aikatan gwamnatin Legas a wata mashiga a Ikeja, mutum shida suka rasu. Lokacin da jihar ta shirya layin jirginta na Agbado zuwa Oyingbo da ake kira Red Line, wanda aka buɗe a Fabrairun 2024, gadojin sama ta gina a Ikeja da Mushin da Yaba da Oyingbo don raba titi da layi. A kan sabon layi mai gudu, get ba ya cikin zaɓi.

Abin da ke faruwa bayan an buɗe

Birnin Mumbai na Indiya, inda miliyoyi ke bin irin waɗannan gadoji kullum, ya biya darasi da rayuka. A ranar 29 ga Satumba 2017 an yi turereniya a matakalar gadar tashar Elphinstone Road, mutum 23 suka rasu. Ruwan sama ne ya sa na ƙasa suka tsaya fakewa, na sama kuma suna ta turowa a ƙunƙuntar matakala. Idan za a yi wa gada rufi, a yi rumfa mai faɗi a ƙasan matakala ma, kuma matakalar kada ta fi gadar ƙunci. A Yulin 2018 ɓangaren masu ƙafa na wata gada a Andheri ya rufto kan layi, bincike ya nuna tsatsa da ƙarin nauyin wayoyi da duwatsun daɓe da aka yi ta ɗorawa. A Maris 2019 daɓen wata gadar kusa da babbar tashar birnin ya faɗi ya kashe aƙalla mutum shida, bayan masu duba gini sun ce ƙaramin gyara kawai take buƙata.

Ana zana gadar ƙafa don ta ɗauki kilo 500 a kowane murabba'in mita. Cunkoson mutane bai cika wuce wannan ba, amma buhu biyar na hatsi a jibge wuri ɗaya sun wuce shi. A hana ajiye kaya, a hana rataya allon talla da bututun ruwa ba tare da injiniya ya sake lissafi ba, domin allo yana kama guguwar farkon damina. 'Yan tireda za su zo, gara a ware musu wuri a ƙasa tun a zane. Bangon gefe a saman layi ya kai mita 1.5 a rufe, ko 1.8 idan akwai wayar lantarki, a ƙarasa sama da raga don iska da gani.

Katanga ɓangare ce ta gadar, a sa ta a kwangila ɗaya. Tsayin mita 2 zuwa 2.4, gefe biyu, har zuwa mashiga ta gaba, kuma a unguwa mai cunkoso tazarar mashigai kada ta wuce mita 400 zuwa 500. Bulo ana fasa shi cikin dare ɗaya, dirkokin kankare a jere sun fi jurewa. Idan aka toshe ɓaraka aka sake fasa ta a wuri ɗaya, mashiga ce ta yi kaɗan ko aka ajiye ta inda bai dace ba.

Kafin a haƙa tushe a yi gwajin ƙasa a gurbin kowane ginshiƙi, a nemo wayoyin sigina da aka binne a gefen layi, kuma kada a buɗe rami kusa da tsakuwar layin ba tare da tokare bango ba. Filin layin na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, titin unguwa na jiha ko ƙaramar hukuma, kuma tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma na da hurumi a harkar jirgin ƙasa. A rubuta yarjejeniya tun farko: wa ke da gadar, wa ke shara da fitila, wa ke biyan dubawa. Ido ya zagaya ta bayan kowace damina, injiniya ya duba ta duk shekara biyu, duk shekara shida kuma a yi babban bincike wanda za a shiga ƙarƙashinta a taɓa kowace mahaɗa da hannu.

Ga garuruwan da ke kan hanyar Kano zuwa Maraɗi, irin su Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da na kan hanyar Kaduna zuwa Kano, mafi arha shi ne a nemi akwatunan wucewa a duk inda layin ke kan ciko kuma ruwa na da mafita, ko da yau gona ce a gefe biyu, sannan hukumar tsara birane ta keɓe filin gangara mai mita 6 da 30 a wuraren da layin ke daidai da ƙasa kafin a yanka fulotai. Masu unguwanni da ƙungiyoyin ci gaban gari su kai buƙatar a rubuce, da taswirar hanyoyin ƙafa da sakamakon ƙidaya, ga injiniyan da ke kula da aikin da kuma ma'aikatar ayyuka ta jiha.